Linzami Mai Gaɓa

Shekara arba'in da 'yan kai Ɗan Azumi maƙeri ya yi yana ƙera linzami a rumfarsa da ke bayan kasuwar Dole, cikin Damagaram, amma bai taɓa sa ƙafarsa a likkafa ba. Ban da matarsa Fanta ba wanda ya san da haka. Masu dawaki na zuwa masa daga Gaffati da Mirya, har daga wajen Tanut, su ɗaure dabbarsu a gindin dogon yaron ƙofar rumfar, shi kuma ya fito yana goge hannu a jikin walki, ya kama haɓar dokin, ya zura yatsa biyu ya auna faɗin bakin, ya ce a dawo ran Alhamis. Bakin doki ya san shi ciki da waje. Bayan doki ne bai sani ba.

Ba wani babban dalili ba ne. A gidansu ba a taɓa ajiye doki ba, ubansa maƙeri ne, kakansa ma haka. Yana saurayi kunya ta hana shi roƙon aro, da ya manyanta kuma kunyar ta ninku, don ta yaya mutumin da ake yabon linzaminsa har ƙauyuka zai buɗe baki ya ce bai iya hawa ba? Sai dai in mai doki ya hau ya juya zai tafi, Ɗan Azumi kan tsaya da awartaki a hannu yana bin sa da kallo har ya ɓace a lungu, wani lokaci ƙarfen da ke cikin wuta ya ƙone bai sani ba.

Linzaminsa irin na gado ne: ƙarfe guda mai harshe a tsakiya da ke tokare saman bakin doki, da zobe mai kewaye haɓa. In mahayi ya fizga, ko a guje dokin yake sai ya zame ya zauna kan ƙafafun baya. Abin da masu saye ke so ke nan, shi kuma abin da ya iya ke nan.

Wata Alhamis, sanyi ya wuce, zafi bai gama kankama ba, wani dogon dattijo siriri ya kafe moto, wato babur, a ƙofar rumfar. Ko da ya sunkuya zai shigo, bayansa a miƙe yake kamar an sa masa sanda cikin riga. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya kwance wani ƙyalle.

"An ce mini kai ne mai linzami. Sunana Sulaiman, amma Ajidan aka fi sani. Duba mini wannan, ko zai gyaru."

Ɗan Azumi ya juya abin a tafin hannu. Ƙarfe biyu ne sirara masu santsi, an haɗa su a tsakiya da gaɓa irin ta yatsa, kowane gefe da zobe ɗaya. Gaɓar ce ta cinye har ta rabu. Ba harshe, ba tsini, ba abin kama haɓa. Dariya ta kuɓuce masa.

"Ajidan, wannan na doki ne ko na ɗan rago? Da me yake tsayar da shi?"

"Ba shi ke tsayar da shi ba. Ni ke tsayar da shi, da zamana a kan sirdi. Wannan na magana ne kawai."

"Magana da wa?"

"Da dokin mana."

A cikin hirar da suka yi Ɗan Azumi ya ji cewa mutumin ya yi shekara talatin cikin sojan dawaki a Yamai, inda ya kai muƙamin Ajidan, har an taɓa tura shi Maroko shekara biyu koyon horon doki irin na makaranta, wanda ake yi a fili mai kusurwa huɗu, a hankali, shekara da shekaru. Can ya samo linzamin. Yanzu ya ajiye kaki ya dawo gidan ubansa a Kara-Kara, da doki guda.

Ɗan Azumi ya haɗa gaɓar a rana ɗaya. Da Ajidan ya zo karɓa sai ya ɗauki ƙarfen ya goga a leɓensa na ƙasa, a hankali, ya miƙo masa.

"Akwai kaushi a nan."

Ran maƙeri ya ɓaci. Tun da yake ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Amma da mutumin ya tafi, shi ma ya faki idon maƙwabta ya goga a nasa leɓen, ya ji kaushin, ɗan kaɗan, kamar ƙwayar rairayi. Ya kwana biyu yana bin wurin da magagari mai laushi, sannan da toka da mai, har ƙarfen ya koma sulɓi. Bai jira a zo karɓa ba. Ya tambayi inda ake horon, ya yi sammako bayan asuba ya kai da kansa.

Filin yana kan hanyar Gaffati, bayan gidajen ƙarshe, a gindin wasu manyan duwatsu. Gonar wani manomi ce, Nomau, wanda ya ba Ajidan aro har ranar da ruwan shuka zai sauka. Ajidan ya tumɓuke tushiyar gero, ya baje kunyoyi, ya auna mita ashirin a faɗi, arba'in a tsawo, ya jera tsofaffin gwangwanayen madara a gefe, kowane da harafin boko da farin fenti. Dokin na ɗaure a gindin aduwa. Hurde ne a launi, ba wani babba ba, haka kuma ake kiran sa.

Hannun Ɗan Azumi ya riga tunaninsa. Ya kama haɓar dokin ya buɗe bakin kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Gefen bakin duka biyu tabo ne, ga wani tsohon rami ya ratsa harshen, ya warke amma ya bar gurbi. Ya san faɗin wannan gurbi. Ya san irin ƙarfen da ke yin sa.

"Daga ina ka samo shi?"

"Wurin wani mai sukuwa, a Mirya. Sai da na yi shekara da rabi kafin ya yarda in sa masa ƙarfe a baki bai ɗaga kai sama ba."

Maƙera uku ne ke irin wannan linzami a garin, don haka ba lallai nasa ba ne. Ɗan Azumi ya faɗa wa kansa haka. Ajidan ya karɓi ƙarfen ya ɗumama shi a tafin hannu, ya miƙa, dokin ya buɗe baki da kansa ya karɓa.

Da farko abin ya gunduri maƙeri. Ajidan ya hau, ya saki igiyar linzami har tana lilo, dokin ya miƙe wuya ƙasa yana ta zagaya filin da tafiya kamar mai neman abin da ya yar. Har Ɗan Azumi ya fara tunanin gawayin da bai saya ba. Can sai ya ga dokin ya canza, kuma bai ga abin da mahayin ya yi ba. Wuyan ya lanƙwasa, ƙafafun baya suka shigo ƙarƙashin ciki, dokin ya zama kamar ya ƙara tsawo. Ya shiga sassarfa, kofato biyu na sauka tare, biyu na tashi tare, sautin daidai wa daida kamar maƙera biyu da suka daɗe suna dukan ƙarfe ɗaya. Daga kusurwa ya ratsa filin a karkace, fuskarsa na kallon gaba, ƙafafunsa na gicciye juna. Ya dawo ta ɗaya hannun. Da ya iso tsakiya sai sassarfar ta gajarce, ta ƙara gajarcewa, har ya zama yana yin ta a wuri ɗaya, ƙafa na tashi ƙafa na sauka, bai ci gaba ko taki guda ba. Sannan ya tsaya cik, ƙafafu huɗu a jere. Hannun Ajidan bai motsa ba. Kumfa ce fara a bakin dokin, ba ɗigon jini.

Ba kiɗa, ba 'yan kallo, sai awaki a kan dutse da wata mata mai itace da ta wuce ba ta ko waiwaya ba. Ɗan Azumi ya miƙe. Ya yi sallama a gaggauce ya tafi.

Washegari ya dawo. Jibi ma haka. Ya riƙa buɗe rumfa sai hantsi, maƙwabta na tambaya ko lafiya. Da yake allo ya yi, bai shiga lakwal ya yi boko ba, sai ya laƙaba wa haruffan gwangwanayen sunaye na kansa: wannan bukka, wancan tsani, na can ƙarshe jinjirin wata. Yana zaune kan dutse yana cewa ƙasa-ƙasa, yanzu daga tsani zai ratsa zuwa wancan, kuma sau da yawa haka ake yi.

Rana ta goma sha biyu Ajidan ya sauka, ya riƙe dokin, ya dube shi.

"Maƙeri, zo ka hau."

Ɗan Azumi ya dubi duwatsu, ya dubi ƙafarsa. Shekararsa sittin da ɗaya. Ya ji maganar na fita da ƙyar.

"Ban iya ba. Ban taɓa hawa ba."

"Na sani. Tun ranar farko na gani. Kullum ta gaban doki kake tsayawa, ba ka taɓa zuwa gefensa ba. Zo."

Ba a ba shi igiyar linzami ba, ba a ba shi likkafa ba. Ajidan ya ɗaura doguwar igiya a ragamar dokin, ya tsaya a tsakiya, Hurde na kewaya shi, maƙeri na bisa ya ƙanƙame gaban sirdi da hannu biyu. Ƙasa ta yi masa nisa. Bai taɓa zaton bayan doki na motsi haka ba, gaba da baya, hagu da dama, duk lokaci ɗaya. Amma ta saman kan dokin ya hango abin da bai taɓa gani ba daga nan: rufin gidajen Kara-Kara, da hayaƙin masu waina yana tashi a miƙe. Ya ji dariya na neman kama shi kamar ƙaramin yaro.

"Saki cinyarka. Ba uwar maƙera ba ce da za ka danne. Saki ƙugunka ya bi shi. Numfasa, Maƙeri, ka daina numfashi tun daga tsani."

Ashe har Ajidan ya ɗauki sunayen.

A sati na biyu, da aka fara sassarfa, ya zame ya faɗi tim a kan rairayi. Hurde ya tsaya, ya juyo yana kallon sa. Ya koma gida yana ɗingishi, Fanta ta dafa ruwa ta gasa masa ƙugu, ta shafa man kaɗe tana faɗa.

"Malam, jikokinka huɗu. In ka karye me zan ce wa mutane? In ce ya faɗo daga doki? Wa zai yarda?"

"Ki ce daga kan katanga."

"Gobe ma za ka?"

"Zan je."

Ta ci gaba da murza masa wurin. Can ta ce, "To ka sa wandon nan mai kauri."

Sati biyar ya yi ba a ba shi igiyar linzami ba, kuma ita yake so. Yakan kalli yatsun Ajidan a kanta, yadda suke rufewa su buɗe kaɗan kamar mai taɓa goshin jariri. Shi ya gyara ƙarfen nan, ya san kowane lanƙwasa nasa, amma bai san abin da ake ji ta cikinsa ba. Da ya gaji ya tambaya, Ajidan ya cire linzamin daga bakin dokin, ya riƙe ƙarfen tsakanin yatsunsa, ya miƙa masa igiyar.

"Rufe ido. Ni ne dokin. Duk inda na yi ka bi ni, kada igiyar ta yi lilo, kada kuma ka ja."

Ba a yi taki uku ba Ajidan ya ce, "Ka fasa mini baki. Hannunka na masaba ne, shekara arba'in yana duka. Sai ya koyi saurare."

A gida, bayan la'asar, Ɗan Azumi ya ɗaura zare biyu a jikin ludayi ya miƙa wa Fanta, wadda ke zaune tana tsinke zogale. Ta dube shi, ta dubi ludayin, ta tabbata ba wasa yake ba, sannan ta share hannu ta karɓa. Ya rufe ido. Ta ja, ya makara. Ta saki, zaren ya zube. Ta yi hagu, ya fizge ludayin daga hannunta har ya faɗa cikin ƙwarya. Suka yi ta yi, kwana da kwanaki, in maƙwabciya ta yi sallama Fanta ta tura ludayin ƙarƙashin tabarma. Wata rana ta motsa yatsa kaɗan, kaɗan ƙwarai, ya bi ta. Ta sake, ya bi.

"Ikon Allah," in ji ta. "Shekara talatin da biyar ina ja, sai yau ka ji."

Zafi ya kai matuƙa. Famfunan unguwa suka ƙafe, mata na kwana biyu ba su ga ɗigo ba, masu kura da jarkoki na zuwa har bayan gari neman ruwa. Kowa ka gani idonsa na gabas. Aka fita roƙon ruwa, Ɗan Azumi ya bi sahu ya ɗaga hannu ya ce amin da gaskiyarsa, don shi ma yana da 'yan'uwa manoma, kuma aikin hauya da damina shi ne cin gidansa. Amma a hanyar komowa ya kama zuciyarsa tana cewa, ko da sati biyu ne a ƙara mini. Ya yi istigfari. Bayan sallar magariba ya sake kama ta tana faɗin haka.

Nomau ya fara zuwa filin da safe. Sai ya gaishe su, ya zube taki a gefen gwangwanayen, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya dubi sama.

A cikin waɗannan kwanaki ne aka ba maƙeri igiyar. Kwana tara yana riƙe da ita ba abin da ya ji sai nauyi, wani lokaci dokin ya jingina a hannunsa kamar jaki mai jan kura, wani lokaci ya ɓoye haɓa a ƙirji igiyar ta zama fanko. Rana ta goma gari ya waye da nauyi, ba iska, zufa na tsiyaya tun kafin rana ta fito. Suna sassarfa a da'ira, Ajidan na tsakiya yana magana ƙasa-ƙasa.

"Zauna. Kada ka nema da hannu. Tura shi daga baya da ƙafarka, kaɗan. Jira shi. Jira."

Sai bayan dokin ya taso a ƙarƙashinsa kamar ƙullu ya kumbura. Girgizar da ke dukan ƙugunsa kullum ta ɓace, aka ɗauke shi ana ajiyewa a hankali. Nauyin da ke hannunsa ya tafi, amma igiyar ba ta zama fanko ba. Akwai wani a ɗaya bakin. Ya ji harshen dokin na wasa da gaɓar ƙarfen, ya ji shi a cikin yatsunsa, ɗan motsi mai ɗumi, kamar ana tambayar sa, yanzu fa? Ya rufe yatsa ɗaya, dokin ya amsa. Taki shida ne ko bakwai. Murna ta kama shi, ya sunkuyar da kai don ya gani da ido, kafaɗunsa suka ƙage, abin ya watse. Hurde ya koma dokin jiya.

"Ka ji?" in ji Ajidan.

"Na ji."

"To sauka."

"Bari in sake ko sau ɗaya, Ajidan."

"A'a. Ya yi daidai, bar shi ya koma turke da wannan a ransa. Kai ma haka."

Ranar bai iya aiki ba. Ya hura wuta ya bar ta ta mutu. Yana zaune yana buɗe yatsu yana rufewa a kan gwiwarsa.

Washegari ya nema bai samu ba. Jibi ma bai samu ba, har Ajidan ya ce masa yawan neman ne ke kore shi. A rana ta uku, bayan azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe rumfunan 'yan tumatir, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ɗan Azumi na tsaye a ƙofar rumfarsa yana kallon mutane na fito da robobi da tukwane, mata na guɗa. Ya ce alhamdu lillahi, ya kuma faɗa har sau uku, don ya ji ta zauna masa.

Duk da haka ya je da safe. Ya tarar da Nomau na gaba da sungumi yana sara, matansa na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, layi ya riga ya ratsa tsakiyar filin. An tattara gwangwanayen an jibge kan dutse. Ajidan na tsaye a gindin aduwa, ba doki.

"Ƙanena Ɗanƙarami ya zo zai tafi da shi Dakusa," in ji shi. "Can akwai ciyawa, a Kara-Kara kuwa ba inda zai miƙe ƙafa da damina." Ya dubi masu shukar. "Ni ma tafiya ta kama ni. Tsofaffin abokan aikina sun kira daga Yamai, sun sami sababbin dawaki, ba mai fara musu horo. Wata uku suka ce."

"Wata uku ba yawa."

"Na san wata ukun soja, Maƙeri."

Suka tsaya suna kallon shukar. Ɗan Azumi na da maganganu da yawa, amma wadda ta fito ita ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Damina ta yi kyau. Rumfa ta cika da masu gyaran hauya, daga safe har yamma masaba ba ta hutawa. Sau ɗaya wani mai doki daga Tanut ya ba shi aikin linzami, ya ƙera masa irin na gado, amma hannunsa ya ƙi fitar da tsinin, ya dasashe harshen ya goge shi sumul. Mutumin ya taɓa da babban yatsa ya ce wannan ai ba zai ji ba. Ɗan Azumi ya ce haka ya fito. Mutumin ya ɗauki ƙyallensa ya nufi rumfar gaba, kuma aka yi masa yadda yake so.

Abin da ya fi damun sa shi ne ya fara mantawa. Da farko in ya rufe ido yakan ji motsin nan a yatsunsa sarai. Bayan wata guda sai ya zama yana tuna cewa ya ji, amma jin kansa ya dushe. Ya ba Fanta ludayi ta riƙe, suka gwada, ta ce hannunsa na nan da laushinsa. Ya ce ba shi ba ne. Ta ce ta sani.

Ya kira Ajidan a salula. Muryar na yankewa, ana jin haniniya a bayansa. Wata ukun sun koma sai bayan kaka, wataƙila ma su wuce.

"Ajidan, abin nan. Yaya zan yi in sake samun sa?"

Aka yi dariya a can nesa, ba ta raini ba. "Ni ma ba kullum nake samu ba. Wani lokaci sai in yi sati ban ji shi ba. Ka je Dakusa mana, na gaya wa Ɗanƙarami. Sirdin da linzamin suna wurinsa."

Ran Lahadi ya rufe rumfa, ya shiga motar Takeita, ya sauka a mararraba ya ƙarasa da ƙafa tsakanin gonaki. Ɗanƙarami, gajere mai fara'a wanda bai ɗauko komai na yayansa ba sai hanci, ya tarbe shi da fura, ya kai shi bakin tafki. Hurde na can da dabaibayi, ya yi ƙiba, cikinsa ya fito, gefensa duk busasshen laka. Ɗan Azumi ya kira sunansa. Dokin ya ɗago, ya shinshina hannunsa, ya mayar da kai cikin ciyawa.

Ya goge shi da kansa, ya ɗaura sirdi, sai da ya kwance majayi sau biyu kafin ya yi daidai. Ya hau daga kan kututture. Ba fili, sai 'yar hanya tsakanin gero da ya fi shi tsawo ko yana bisa. Ba mai ce masa zauna, ba mai ce masa numfasa, sai ya riƙa faɗa wa kansa a bayyane. Dokin na tafe yana fizgar ganye dama da hagu. Da suka yi sassarfa, ƙugunsa ya sha duka kamar ranar farko. Ya je har inda hanyar ta ƙare a wata rijiya, ya juyo.

"Wai me yayana ke nema ne a jikin dokin nan?" in ji Ɗanƙarami, yana taya shi sauke sirdi. "Doki ga ƙafa ga gudu, a ce kullum yana kewaya wuri ɗaya kamar mai neman allura."

Ɗan Azumi ya buɗe baki zai yi bayani, ya ɗaga hannuwa biyu, ya ga ba zai iya ba. Ya ce, "Akwai wani abu dai."

Ɗanƙarami ya yi dariya, ya ce to in kewaye ake so, akwai wata saura a bayan gari da ba a noma bana. Suka je. Ƙarama ce, ga gawo a tsakiyarta, ga gidan tururuwa a gefe, kuma ƙasar ta gangara. Ɗan Azumi ya taka ta daga wannan baki zuwa wancan yana ƙirga taki, ya ce za ta yi.

Sau biyar ya je Dakusa kafin a yanke gero, Lahadi bayan Lahadi in aiki ya bar shi, Fanta na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da 'yar kanwa ta dokin. Yakan kewaya gawon nan har rana ta yi zafi, mutanen ƙauyen sun saba, sun daina tsayawa kallo. A zuwa na huɗu, wajen gangaren, ya ji kamar wani abu ya taɓa yatsunsa, taki ɗaya ko biyu. Bai tabbata ba ko shi ne, ko dokin ne ya yi tuntuɓe ya gyara. Ya tsaya nan take ya sauka, ya shafa wuyan Hurde, ya ja shi zuwa inuwa. Da ya kira Yamai ya ba da labari, Ajidan ya yi masa tambayoyi da yawa, a ƙarshe ya ce shi ma ba zai iya sani daga nan ba, sai ya gani da idonsa. Ya ce sun yi masa alkawarin hutu cikin sanyi, in ba su sake canzawa ba.